Masu Bincike a Ƙauyukanmu: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano sun daɗe suna karɓar baƙi masu takarda da alƙalami. Tun a 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa J. Wilson suka fitar da nazari daga Jami'ar Ahmadu Bello a kan wannan yanki, inda gona ke manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta, sai dai a riƙe ta da taki. Polly Hill ma ta yi bincike a Dorayi, littafinta ya fito a 1977. Yanzu ɗaliban kimiyyar siyasa da ma'aikatan ƙungiyoyi ne ke shiga Minjibir, Dambatta da Bichi da waya a hannu, suna tambayar wa aka zaɓa, wa ya samu takin gwamnati, yaya dagaci ke raba rikicin iyakar gona.

Mutanen Kano sun san illar binciken da ba a yi wa jama'a bayaninsa ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abubuwan da suka sa aka ƙi rigakafin shan inna a 2003.

Mai binciken siyasa ba ya riƙe allura, amma tambayarsa na iya jawo wa mutum wahala. A garin da kowa ya san kowa, cire suna daga takarda bai isa ba. Da an rubuta "wani manomi mai shanun huɗa a unguwar gabas", an gane shi. Idan abin da ya faɗa ya taɓa kansila ko dagaci, yana iya rasa rabonsa na taki, ko a karɓe gonar da aka ba shi aro. Ku tuna yadda maganar masarautar Bichi da sauran masarautun da aka ƙirƙira a 2019 aka rushe a 2024, ta raba kan mutane har cikin gida ɗaya.

Shi ya sa ake horar da masu bincike su yi aiki tare da jama'a tun daga tushe. Ƙungiyar masana kimiyyar siyasa ta Amurka ta fara irin wannan horo a 2019, ta kuma fitar da ƙa'idojin bincike a kan mutane a 2020. A nan gida, abin da ya kamata ɗalibi ya koya a bayyane yake. Gaishe da hakimi, dagaci da mai unguwa ladabi ne, amma izininsu bai zama yardar manomi ba, haka izinin maigida bai zama yardar matarsa ba. Mace ce za ta shiga wajen matan kulle. Ba a tsare mutum da tambaya ana tsakiyar noman farko. Sannan a zauna da mutanen gari, su ma su faɗi abin da suke so a bincika, in an gama a dawo a karanta musu sakamakon da Hausa, su gyara inda aka yi kuskure.

Ku kuma, in baƙo ya yi sallama da tambayoyi, ku fara yi masa naku. Daga wace jami'a ko ƙungiya yake? Wa ya ba da kuɗin aikin? Wa zai saurari muryar da aka naɗa? Yaushe zai dawo da sakamako? Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ku damar janye yardarku ko bayan kun bayar. Kuna iya ƙin amsa tambaya, ko ku hana ɗaukar hoto, kuma sabulu ko kuɗin goro da aka miƙa muku ba ya ɗaure ku. Wanda aka horar da kyau zai amsa waɗannan duka ba tare da ɓata rai ba. Wanda ya kama kame-kame, ku sallame shi cikin mutunci.