Kafin Ka Ɗora Hotunan Bikin Mutane A Intanet

A Kano, Kaduna ko Zariya, mai ɗaukar hoton da ya yi biki ɗaya tun daga kamu har zuwa kai amarya yakan koma gida da hotuna fiye da dubu a cikin kyamararsa. Ɗaukar ba ita ce wahala ba. Wahalar tana farawa ne washegari, lokacin da uwar amarya ta kira tana son nata, ƙawaye suna turo saƙo kowa na neman inda ta fito, abokan ango na jira, yayan amarya da ke Landan kuma yana son a yi masa babban firam. Da yawa daga cikin masu hoto har yanzu WhatsApp suke buɗewa su yi ta turawa ɗaya bayan ɗaya, kyauta, har data ta ƙare.

Wannan ne ya sa matasan masu sana'ar suka fara karkata zuwa dandalan intanet da aka gina musamman don wannan aiki, irin su Pixieset, Pic-Time, ShootProof, Zenfolio da SmugMug. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Mai hoto zai ɗora hotunan biki a shafi guda, ya tura wa masu biki adireshin, su shiga su kalla, su zaɓi waɗanda suke so, su biya, sannan su sauke ko kuma a wanke musu a kai musu har gida. Abu ne mai kyau, kuma ina ganin ya kamata masu hotonmu su rungume shi. Sai dai waɗannan dandalan an gina su ne da tunanin mai biki na Amurka da Turai, wanda ke da katin biyan dala, da adireshin da ɗan aike zai gane, da al'adar da ba ta damu ba idan duniya ta ga hoton amarya. Mai bikinka ba haka yake ba. Da shi za ka auna dandali, ba da kyan shafin talla ba.

Batun sirri shi ya fi damuna, don haka da shi zan fara. Bikin Bahaushe yana da ɗakuna. Akwai ɗaurin aure da walima, inda maza suke a fili, kowa na iya gani. Akwai kuma sa lalle da kamu da yinin biki, inda mata suke sakewa a tsakaninsu, wata ta ajiye mayafi, wata ta taka rawa, matar aure ta yi kwalliyar da ba ta yi don idon baƙo ba. Waɗannan matan sun yarda an ɗauke su ne domin sun ɗauka hoton zai tsaya a hannun dangi. Idan ka zuba duka a shafi ɗaya, ka ba da adireshi ɗaya, wanda ya samu ya tura wa wani, cikin yini guda hoton matar wani ya isa shafukan Instagram da ke yaɗa hotunan bukukuwa. Hoto ɗaya irin wannan ya isa ya haddasa rikici a gidan aure, kuma sunan mai hoto za a kira.

Saboda haka kada ka tsaya a kan cewa dandali yana da kalmar sirri. Kusan duka suna da ita. Bincika ko zai ba ka damar raba biki ɗaya gida-gida, ta yadda abokan ango za su ga ɗaurin aure da dina kawai, hotunan kamu kuma su tsaya ga amarya da wanda ta zaɓa. Duba ko amarya da kanta za ta iya ɓoye hoton da ba ta so kafin a buɗe wa kowa. Duba ko saukewa na da lambar sirri ta daban, da kuma ko za ka iya ganin wanda ya sauke. Wasu dandalan suna jera duk bukukuwan da ka ɗora a shafinka na farko domin talla, sai ka shiga da kanka ka kashe wannan. Wasu kuma yanzu suna da fasahar gane fuska, baƙo ya ɗauki kansa a waya a fito masa da duk hotunan da ya bayyana. Tana rage wahala, amma kada ka kunna ta ba tare da masu biki sun sani ba.

Doka ma ta shigo cikin maganar. A Najeriya an sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a a watan Yunin 2023, kuma hoton da ake gane mutum a ciki yana cikin bayanan da take karewa. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 kuma ta ba wanda ya sa aka ɗauki hoto don amfanin kansa da iyalinsa ikon hana a yaɗa shi ga jama'a. Wato ko da kai ne mai kyamara, ba ka da hurumin tallata sana'arka da fuskar amarya sai da yardarta. Nemi yardar a rubuce, ko da saƙon waya ne, tun ranar da aka biya kafin alƙalami.

Sai kuɗi. Waɗannan kamfanoni suna cin riba ta hanya biyu: kuɗin wata-wata ko na shekara, da kuma la'ada a kan abin da ka sayar. Pixieset, wanda kamfanin Kanada ne, yana da tsarin kyauta mai gigabait 3, amma yana cire kashi 15 cikin ɗari na cinikin da aka yi ta kantinsa, idan ka koma tsarin biya kuma sai la'adar ta faɗi. Gigabait 3 ba ta da yawa, babban biki ɗaya na iya cinye ta. SmugMug ma yana yankar kashi 15 daga ribar da ka ɗora. Farashi yana canzawa, saboda haka karanta shafin kamfanin a ranar da za ka yi rajista. Abin da ba ya canzawa shi ne da dala ake biya, kai kuma da naira ake biyanka. Wanda ya yi lissafinsa a farkon 2023, lokacin da dala a farashin gwamnati take wajen naira 460, ya ga yadda ta haura 1,500 a 2024. Kuɗin watan bai ƙaru ba a can, amma a aljihunsa ya ninka sau uku. Ka tuna kuma sana'ar biki tana da lokaci. Ana cika da aiki gab da azumi, bayan salla da ƙarshen shekara, a watan Ramadan kuwa kasuwa kan yi sanyi, kuɗin dandali kuma ba ya tsayawa. Raba kuɗin shekara da adadin bukukuwan da ka saba samu, ka saka shi a cikin farashinka tun farko.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda kuɗin mai saye zai iso gare ka. Yawancin dandalan nan da Stripe da PayPal suke karɓar kuɗi. Stripe ya sayi kamfanin Paystack na Legas a 2020, amma wannan bai sa kowane dandali da ke amfani da Stripe ya karɓi Paystack ba. PayPal kuma da ya shigo Najeriya a 2014, da damar aika kuɗi ya shigo, ba ta karɓa ba, aka kuma daɗe a haka. Ga shi kuma a 2022 da 2023 manyan bankuna sun taɓa dakatar da amfani da katin naira wajen sayayya a waje. Gwaggon amarya da ke son hoto biyar ba za ta tsaya faɗa da kati ba. Abin da ta sani shi ne ka ba ta lambar asusu ta tura ta banki, ko OPay, ko Moniepoint. Don haka nemi dandalin da ya yarda a yi oda a cikinsa amma a biya a waje, ko kuma ka yi amfani da shi wajen nunawa da zaɓe kawai, ka karɓi kuɗinka ta Paystack, Flutterwave ko asusunka kai tsaye, sannan ka ba da lambar saukewa. Kada ka yarda wani ya buɗe maka asusun karɓar kuɗi da adireshin ƙarya na wata ƙasa. Ranar da aka gano, da kuɗin mutane a ciki za a rufe shi.

Wanke hoto shi ne inda tallan ya fi ruɗar mutane. Za ka ga an rubuta cewa mai saye zai danna kawai, a wanke a aika masa, kai kana barci riba na shigowa. Gaskiya ne, amma wuraren wankin da suke hulɗa da su, irin WHCC da Bay Photo a Amurka ko Loxley Colour a Birtaniya, suna can ƙetaren teku. Idan aka haɗa kuɗin jirgi da na kwastan da makonnin jira, firam ɗaya zai iya fin kuɗin albam guda da aka yi a gida, balle idan gilashi ya fashe a hanya. Wannan tsarin yana da amfani a wuri ɗaya: dangin da ke zaune a Amurka ko Ingila. Su kam a bar su su yi oda a can, ya fi sauƙi da arha. Ga mutanen gida kuwa, nemi dandalin da ke ba ka damar cika oda da kanka, wato saƙo ya zo maka cewa wance tana son hoto kaza a girma kaza, kai ka kai wurin wankin da ka yarda da shi a garinku.

Ko ina za a wanke, yi gwaji tukuna da kuɗinka. Zaɓi hotuna masu wahala: amarya baƙa cikin farin leshi, ango cikin farar shadda da rana tsaka, jan lalle a hannu, atamfar anko mai launi da yawa a ƙarƙashin fitilun zauren biki. Injinan wanki da dama suna gyara launi da kansu, kuma wannan gyaran yakan ɓata fatar baƙar mace, ya mayar da ita toka-toka ko ja. Idan ka riga ka gyara hotonka, ce musu su kashe nasu gyaran. Ajiye hotunan a tsarin launi na sRGB, shi ne wanda yawancin wuraren wanki suke aiki da shi. Ka kuma lura allon waya da na kwamfuta suna da haske fiye da takarda, shi ya sa hoto kan fito da duhu idan an wanke. Takarda mai sheƙi tana ɗaukar ido, amma tana riƙe shatin yatsa, da damina kuma takan manne da gilashin firam. Mai ɗan dishi-dishi ta fi jure hannun mutane, kuma albam ɗin biki hannu da yawa yake bi.

Girman hoton ma abin dubawa ne. Don a wanke hoto mai inci 8 da 10 ya fito tas, ana son ɗigo 300 a kowane inci, wato 2,400 da 3,000. Hoton da aka tura ta WhatsApp ta hanyar da aka saba yakan ragu zuwa wajen 1,600 a gefensa mai tsawo. Mai biki zai kai wannan a faɗaɗa masa, ya fito a dushe, ya ce mai hoto bai iya aiki ba. Dandali mai kyau yana ba da zaɓi biyu, ƙarami don waya da cikakke don wanki, kuma za ka iya sa wa kowanne farashinsa. Ka sa tambarinka a kan waɗanda ba a biya ba, amma ka sani ba ya hana a ɗauki hoton allo. Abin da ya fi kare ka shi ne ka karɓi yawancin kuɗinka a kan aikin ɗauka, cinikin dandali ya zama ƙari.

Gwada shafin a irin wayar da mutanenka ke riƙewa, Tecno ko Itel mai ƙaramin ƙarfi, da data ba da intanet ɗin ofis ba. Idan ya ɗauki lokaci kafin ya buɗe, ko ya nace sai an rubuta imel kafin a shiga, dattawa za su haƙura su ce a turo musu ta WhatsApp, ka koma gidan jiya.

Akwai kuskuren da nake roƙon kowane mai hoto ya guje masa, shi ne ɗaukar dandali a matsayin ma'ajiya. Kamfanoni suna mutuwa, suna kuma canza shawara. Kodak Gallery ya rufe a 2012. Pictage, wanda masu hoton biki a Amurka suka dogara da shi shekaru da yawa, ya rufe a 2015. Flickr ya taƙaita masu asusun kyauta zuwa hoto 1,000 a 2019, Google Photos kuma ya daina ajiya kyauta mara iyaka a watan Yunin 2021. Ko kamfanin yana raye, idan katinka ya ƙi biya na wasu watanni, hotunan na iya tafiya. Biki kuwa ba a sake shi, kuma sau da yawa hoton da aka ɗauki kaka a wurin kamu shi ne na ƙarshe da iyali za su samu. Ajiye kwafi biyu a faifan ajiya daban-daban, ɗaya a shago ɗaya a gida, ka kuma tabbatar dandalin zai bar ka ka sauke komai a cikakken girmansa ranar da ka so tashi.

Faɗa wa masu biki a rubuce tsawon lokacin da shafinsu zai zauna a buɗe, wata uku ne ko shekara, ka tuna musu mako biyu kafin ka rufe. Idan kuma aure ya mutu, ko amarya ta kira ta ce a sauke hotunanta daga intanet, sauke su a ranar, ka duba ka tabbatar adireshin ya daina buɗewa, sannan ka sanar da ita.