Shirin Musamman: Sirrin da Aka Faɗa a Bayan Ƙofa

Yau za mu leƙa wani ɗaki ne mai kujeru biyu da ƙofa a rufe, wato ɗakin masanin halayyar ɗan Adam. Nan ne mutum yake zuwa idan damuwa ta yi masa katutu, ya amayar da abin da ko mahaifiyarsa bai taɓa faɗa wa ba. A yawancin ƙasashe wannan masani ba ya rubuta magani kamar yadda likitan ƙwaƙwalwa yake yi. Sauraro da magana su ne kayan aikinsa, amana kuma ita ce jarinsa. To, yaya zai yi ranar da wanda ke zaune a gabansa ya ce masa zai kashe wani?

Wannan ta taɓa faruwa a birnin Bakli na jihar Kalifoniya a Amurka, kuma har yau ana karantar da labarin ga masu koyon wannan aiki.

A shekarar 1968 wani ɗalibi ɗan ƙasar Indiya mai suna Prosenjit Poddar, wanda ke karatu a Jami'ar Kalifoniya, ya haɗu da wata budurwa, Tatiana Tarasoff, a wurin koyon raye-rayen gargajiya. Shi ya ɗauka soyayya ce ta ƙullu. Ita kuwa ta gaya masa ba haka abin yake a ranta ba. Daga nan yaron ya susuce. Ya yi watsi da karatu, abinci ya gagare shi, ya koma zaman kaɗaici yana ta sauraron hirarrakinsu da ya naɗa a kaset. Da bazarar 1969 Tatiana ta tafi Brazil, shi kuma ya fara ganin wani masanin halayyar ɗan Adam, Dokta Lawrence Moore, a asibitin jami'ar. A watan Agusta ya shaida wa masanin cewa zai kashe wata yarinya idan ta dawo daga tafiya. Bai ambaci sunanta ba, amma gane ko wace ce ba abu ne mai wuya ba.

Masu sauraro, a nan ya kamata mu yi wa Dokta Moore adalci, domin bai naɗe hannu ba. Ya sanar da 'yan sandan jami'a da baki, ya kuma bi da wasiƙa, yana neman a kai Poddar asibiti a tsare shi. 'Yan sanda suka ɗauke shi, suka yi masa tambayoyi, suka ga kamar yana cikin hayyacinsa. Ya yi musu alkawarin ba zai kusanci yarinyar ba, suka sake shi. Kamar yadda iyayen Tatiana suka bayyana a ƙarar da suka shigar daga baya, shugaban sashen da Moore ke aiki ya ba da umarnin a karɓo wasiƙar, a lalata bayanan da aka rubuta, a bar maganar haka nan. Poddar ya daina zuwa ganin masanin. Babu wanda ya kira Tatiana, babu wanda ya je ya gaya wa mahaifinta ko mahaifiyarta. Ranar 27 ga Oktoba, 1969, bayan ta dawo, Poddar ya same ta a gida ya daɓa mata wuƙa, ta rasu.

Iyayenta suka kai jami'ar da ma'aikatanta kotu. Hujjarsu guda ce: kun san ana farautar ran 'yarmu, me ya hana ku faɗa mana? Magana ta kai Kotun Ƙolin Kalifoniya, wadda a 1974 ta ce wajibi ne masani ya gargaɗi wanda ake nufi da sharri. Ƙungiyoyin likitoci da masana suka yi caa, har kotun ta sake zama a kan shari'ar, abin da ba kasafai take yi ba. A 1976, ta bakin Mai Shari'a Mathew Tobriner, ta faɗaɗa hukuncin: nauyin da ke kan masani shi ne ya yi bakin ƙoƙarinsa wajen kare wanda ke cikin haɗari, ko ta hanyar gargaɗinsa, ko sanar da 'yan sanda, ko wani mataki da ya dace da halin da ake ciki. A ganin kotun, kariyar da ake ba sirri tana tsayawa ne a inda ran wani ya shiga haɗari.

Ba duka alƙalan ne suka yarda ba. Mai Shari'a William Clark ya ƙi, kuma dalilinsa ba na yarwa ba ne. Ya ce idan mutane suka san ana iya fitar da maganarsu, masu mugun tunani za su ƙi zuwa neman taimako, waɗanda suka zo kuma za su ɓoye abin da ke ransu, ta haka kisan da ake gudu zai ƙaru. Ni dai mai gabatar muku da wannan shiri ina tare da hukuncin kotun, domin na kasa samun amsar da zan ba mahaifiyar Tatiana in da ni ta tambaya. Amma maganar Clark tana damuna. Mutane da yawa kan furta barazana cikin ɓacin rai ba tare da sun aikata komai ba, kuma babu masanin da ke da na'urar gane wanda zai aikata. Idan ya yi gaggawar kiran 'yan sanda ya tona asirin wanda ba shi da laifi, idan ya yi jinkiri ana iya rasa rai. Shi ya sa har yanzu jihohin Amurka ba su zama ɗaya ba a kan batun. A 1999 Kotun Ƙolin jihar Tekzas ta ƙi ɗora wa masana wannan wajibi.

Su kansu masu sana'ar sun daɗe da rubuta ƙa'idojinsu. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, wadda aka kafa a 1892, ta fitar da kundinta na farko a 1953. Yadda aka haɗa shi yana burge ni. Kwamitin da Nicholas Hobbs ya jagoranta ya nemi 'yan ƙungiya su aiko da matsalolin da suka ci karo da su a bakin aiki, aka samu fiye da 1,000, daga cikinsu aka tsamo dokokin. Kundin da ake aiki da shi yanzu ya hana masani taɓa abin da bai ƙware a kai ba, ya hana shi neman wadda yake dubawa, ya kuma hana shi fara bincike a kan mutum ba da yardarsa ba. A kan sirri kuwa ya ce tun a zaman farko masani ya bayyana wa mutum iyakar abin da zai iya rufe masa, kafin mutumin ya buɗe baki. Idan kuma dole ta sa a fitar da magana, a fitar da gwargwadon abin da ake buƙata kawai, ga wanda ya kamata ya ji.

Wannan gaɓa ta ƙarshe ta shafe mu kai tsaye. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. A wurinmu sau da yawa miji ne ko uba ko yaya ke kawo mutum, shi ke biyan kuɗi, shi ke jira a waje. Da an fito sai ya matso ya ce, "Likita, me ta faɗa maka?" Tambaya ce ta kulawa, amma biyan kuɗi bai mallaka masa sirrin ba. Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Masanin kirki zai karɓi ɗan'uwan da mutunci, ya nuna masa yadda zai taimaka a gida, ya kuma nemi izinin mai maganar kafin ya faɗi ko kalma ɗaya daga abin da aka gaya masa. Kishi ko son sanin dangi ba ya cikin abin da ke buɗe wannan ƙofa. Kai kuma mai sauraro, ranar da ka zauna a wannan kujera, kana da damar ka tambaya tun farko: wa zai ji abin da zan faɗa, kuma a wane hali?

Idan muka koma kan labarin Bakli, ƙarar iyayen Tatiana ba ta koma gaban alƙali don jin shaidu ba, an sasanta a wajen kotu. Shi kuwa Poddar an same shi da laifin kisa, amma daga baya aka soke hukuncin saboda kuskure a bayanin da aka yi wa masu taya alƙali yanke hukunci. Ba a sake gurfanar da shi ba. Bayan kimanin shekara 5 a tsare, aka sallame shi bisa sharaɗin ya koma Indiya, ya kuwa koma.