Biyar na farko: Me ya sa zaɓen masu fara wasa ke raba kan 'yan ƙwallon kwandon makarantu?

Dokar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta tanadi cewa aƙalla minti 10 kafin a fara wasa, koci zai tabbatar da sunayen 'yan wasansa a takardar alƙalai, ya nuna mutum biyar da za su fara shiga fili, sannan ya sa hannu. Ƙungiya na iya zuwa da mutum 12, wato bakwai za su zauna a benci ke nan. Wannan 'yar alamar ta biro ita ce tushen gardamar da ke cin dare a ɗakunan kwanan ɗalibai da teburin mai shayi: wa ya cancanta, wa aka yi wa alfarma, wa aka danne.

Talata Mafara na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, wadda aka kafa a 1992 tun yankin yana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, da kuma Jami'ar Jihar Zamfara da ta zo a 2018. Bakura na da kwalejin aikin gona. Ga ɗaliban irin waɗannan makarantu, hanyar fita idon duniya a harkar wasa 'yar siririya ce: gasar NIPOGA ta kwalejojin fasaha, ko NUGA ta jami'o'i. Ba kullum ake yin su ba, kuma ɗalibin difloma shekara biyu kacal yake da ita. Wanda ya shafe gasa guda a benci, wataƙila damarsa ke nan ta wuce. Saboda haka zafin gardamar ba na banza ba ne.

Mafi yawan masu gardamar na ɗauka cewa aikin koci shi ne ya jera gwanaye biyar mafiya iya jefa ƙwallo. Wasan ba haka yake tafiya ba. Ƙwallo ɗaya ce, kuma ƙungiyar da ke riƙe da ita daƙiƙa 24 take da su ta yi jifa. Ana buƙatar mai rarraba ƙwallo, wanda zai tsallako da ita rabin fili ba tare da an ƙwace ba, ya kuma san inda kowa yake. Ana buƙatar mai jifa daga nesa, domin ya tilasta wa masu tsaro su fito su bar ƙarƙashin kwando. Ana buƙatar dogo mai ƙarfin jiki da zai cafke ƙwallon da ta bugi allo ko bakin kwando ta dawo. Sannan ana buƙatar wanda zai manne wa gwanin abokan hamayya ya hana shi sakat, aikin da ba a yi wa tafi. In aka tara mutum biyar da kowannensu ke son ƙwallo a hannunsa, huɗu za su tsaya kallo, kuma ba mai komawa tsaron gida. Shi ya sa yaron da ya fi kowa cin maki a atisaye kan iya zama a benci, a sa wanda bai kai shi suna ba, kuma kocin yana da gaskiya.

Akwai kuma lissafin da 'yan kallo da suka saba da ƙwallon ƙafa kan manta. A ƙwallon ƙafa, wanda aka cire ya fita ke nan. A kwando ana canji ba iyaka, wanda ya fita yana iya dawowa. Wasa zango huɗu ne na minti 10, wato minti 40, kuma da yake mutum biyar ne a fili, abin da koci ke rabawa minti 200 ne. Da za a raba su daidai wa daida tsakanin mutum 12, kowa ba zai kai minti 17 ba. Ɗan wasa na iya farawa ya yi minti 12, wani ya taso daga benci ya yi 28. Ga kuma dokar laifi: wanda ya yi laifi biyar an sallame shi daga wasan, don haka koci mai hangen nesa kan ɓoye wani gwaninsa domin zangon ƙarshe. Tambayar da ta fi nauyi ita ce su wa ke fili idan saura minti uku kuma tazarar maki biyu ce.

Tarihin gasar NBA ta Amurka cike yake da shaidar haka. Red Auerbach, kocin Boston Celtics, shi ya yi suna da dabarar ajiye gwani a matsayin mutum na shida, kamar Frank Ramsey da John Havlicek, ya sako shi lokacin da abokan hamayya suka fara gajiya. Manu Ginobili ɗan Ajantina ya ci kofi huɗu da San Antonio Spurs, kuma mafi yawan wasanninsa daga benci ya taso. Andre Iguodala bai fara ko wasa ɗaya ba a zagayen farko na kakar 2014 zuwa 2015 a Golden State Warriors. Sai a wasa na huɗu na zagayen ƙarshe koci Steve Kerr ya sa shi cikin biyar na farko, kuma shi aka ba kyautar gwarzon wannan zagaye.

To amma gardamar makarantu ba a dabarar wasa take tsayawa ba. Akwai masu cewa ɗan ajin ƙarshe ya fi cancanta, tunda shi ne mai tafiya. Wannan hujja tana da ɗan nauyi, domin wanda ya daɗe ya san tsarin ƙungiya kuma ba ya firgita da ihun jama'a, sai dai daɗewa ita kaɗai ba ta jefa ƙwallo a kwando. Akwai masu kallon jerin sunaye da idon ƙaramar hukuma. Wannan ba abin mamaki ba ne a yankin da garuruwa uku maƙwabta kowanne ya fitar da gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Matashin da ya tashi yana jin lissafin "namu ne" da "lokacinmu ne" ba wuya ya shigo da shi fili. Sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi a yi la'akari da kowane ɓangare wajen rabon muƙaman gwamnati, kuma akwai hikima a cikinsa. Inda wannan tunani ya dace da wasa shi ne ƙofar shiga: a yi gwajin ɗaukar 'yan wasa a fili, a sanar da kowa, ɗan ƙauye da ɗan birni. Bayan nan kwando bai san garin kowa ba. Nau'i na uku, wato na mai uwa a gindin murhu da aka yi wa waya, ba ya buƙatar dogon sharhi. 'Yan wasa kan gane shi tun a atisayen farko, kuma daga ranar ba sa ƙara yarda da koci.

Maganin zargi ba ya buƙatar kwamfuta. Ɗalibi ɗaya da takarda da biro ya isa ya rubuta, a kowane atisaye da wasan sada zumunci, jifa nawa kowa ya yi, nawa suka shiga, ƙwallo nawa ya cafke, nawa ya zubar. Akwai ma'aunin da ya fi waɗannan tona asiri: a duba tazarar maki a lokacin da mutum ya shiga fili da lokacin da ya fita. Mai tsaron da ba ya cin maki amma ƙungiya na gaba duk sanda yake ciki, a nan ake ganin amfaninsa. Wasa ɗaya ko biyu ba sa isa a yanke hukunci da wannan ma'auni, domin ya dogara da waɗanda mutum ya shiga tare da su. Amma idan aka manna takardar a bango kowa ya gani, gardama za ta koma kan alƙaluma. Rashin irin wannan tsari ba a makaranta kawai yake ɓarna ba. Rikicin shugabanci a hukumar ƙwallon kwando ta Najeriya ya kai gwamnatin tarayya ta janye ƙasar daga gasannin duniya a watan Mayun 2022, abin da ya sa D'Tigress, zakarun Afirka, suka rasa gurbinsu a gasar cin kofin duniya ta wannan shekara aka ba Mali.

A yammacin Zamfara akwai wani abu da duk mai zaɓen 'yan wasa ya kamata ya sa a lissafi. A 2021 an sace ɗalibai mata 279 a Jangebe cikin Fabrairu, an kai hari kwalejin gona ta Bakura cikin Agusta, sannan a ranar 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta Maradun, gwamnati ta rufe makarantu. Yaran da ke sakandare a lokacin su ne ke cika manyan makarantu yanzu, kuma shekarun da ake koyon riƙon ƙwallo sun zo musu cikin rufe makaranta da zaman ɗar-ɗar. Wanda ya yi karatu a Gusau, Sakkwato ko Zariya zai fi su gogewa a ranar gwaji, ba lallai don ya fi su baiwa ba. Zariya kanta ba da ka ta samu sunanta ba: ɗorewar horo a Jami'ar Ahmadu Bello ƙarƙashin koci Oliver Johnson ita ta raini irin su Masai Ujiri, wanda ya shugabanci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019.

Hakeem Olajuwon ma a makare ya zo wa wasan, bayan ya yi gola a ƙwallon ƙafa a Legas. A kakarsa ta farko da ya buga wa Jami'ar Houston, 1981 zuwa 1982, daga benci yake tasowa. Ya shafe hutu yana karawa da Moses Malone a atisaye, ya dawo ya karɓi gurbinsa cikin biyar na farko, kuma a 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA.