Warin Hammata: Asalinsa da Maganinsa

Duk wanda ya shiga Keke Napep daga Turaki zuwa babbar kasuwar Jalingo a watan Maris ko Afrilu, lokacin da bazara ta tsananta kuma ruwa bai sauka ba, ya san cewa turare, kome tsadarsa, ba ya rufa wa hammata asiri idan rana ta take.

Malaman ɗibbu sun tabbatar cewa gumi a zatinsa ba shi da wari. Maɓuɓɓugansa a fata iri biyu ne. Na farko sun game jiki duka, suna fitar da ruwa da ɗan gishiri domin sanyaya shi. Na biyu kuwa suna hammata da matsematsi, ba sa fara aiki sai an balaga, kuma abin da suke fitarwa yana da maiƙo, wanda ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, mazauna fata, suke ci su narkar, sa'an nan tsamin da jama'a ke ƙyama ya tashi. Wannan ne sababin da ya sa ƙaramin yaro zai wuni yana guje-guje ba a ji kome ba.

Magungunan kanti ma iri biyu ne, ko da yake masu saye sukan ɗauke su abu guda. Diyodaran, wanda aka fara sayar da shi a Amurka da sunan Mum a 1888, yana rage ƙwayoyin nan ya kuma ƙara ƙamshi, amma gumi yana nan yadda yake. Mai hana gumi kuwa gishirin alminiyam ne a cikinsa, wanda yake toshe bakin maɓuɓɓugan na ɗan lokaci, saboda haka ya fi fa'ida a shafa shi da dare, bayan wanka, fata ta bushe sarai. Alif ɗin da mata ke gogawa a hammata tun da daɗewa danginsa ne.

Fiƙihu ya riga kanti: littafin Risala ya lissafa tsige gashin hammata cikin fiɗira, gashi kuwa shi ne matattarar gumi da ƙwayoyin. Wajen sutura kuma, rigar auduga ta fi ta roba, wadda take riƙe wari ko bayan wanki. Wanda warin jikinsa ya sauya farat ɗaya, alhali yana kiyaye tsabta, ya je asibiti, domin ciwon sukari da na ƙoda suna iya jawo haka.