Tsakanin Lafazi da Hankali: Taƙaddamar Fassara Ƙa'idojin Sihiri a Wasan Dungeons & Dragons

A shekarar 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. Mutane kaɗan ne kan zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin tauraro guda, ko mayaƙi ko ɓarawo ko matsafi. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora: shi ke siffanta duniyar da labarin ke gudana, shi ke magana da yawun dodanni da sarakuna, shi ne kuma alƙali. Idan aka zo abin da ke da shakku, sai a jefa 'ya'yan lido masu fuskoki daga 4 zuwa 20. Abin da zai ja hankalin mai nazarin adabin baka shi ne, labari ne da ake ƙagawa da baki nan take, kamar tatsuniya, amma yana ƙarƙashin hukuncin rubutaccen littafi. Babu inda bakin da littafin suka fi yin karo kamar wajen sihiri.

Dalilin a fili yake. Kowa ya san abin da takobi ke yi wa igiya, ko da littafi bai faɗa ba. Surkulle kuwa ba shi da wani abin kwatance a duniyar zahiri. Iyakar abin da aka sani game da shi shi ne 'yan layukan da aka rubuta. Daga nan 'yan wasa suka rabu gida biyu. Wasu sun tsaya a kan cewa surkulle ba ya yin komai sai abin da lafazinsa ya ambata. Wasu kuma suna ganin da zarar ya haifar da wuta ko ruwa ko maiƙo, to abin da hankali ya sani game da waɗannan abubuwa ya hau kansa.

Mu ɗauki misali daga bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014. Akwai ƙaramin surkulle mai suna Grease, wanda ke shafe fili mai faɗin ƙafa 10 da maiƙo, duk wanda ya taka yana iya sulɓewa ya faɗi. Ɗan wasa zai ce: na shafe ƙofar da maiƙo, yanzu zan wurga masa fitila ya kama. Hankali na tare da shi, don kuwa mai da wuta ba baƙin juna ba ne. Sai dai matanin bai ce maiƙon yana kamawa ba. Masu bin lafazi ba shiru kawai suka kafa hujja da shi ba. Sun nuna cewa a surkullen Web, mai saƙa yanar gizo-gizo, marubutan sun fayyace cewa yanar tana cin wuta, har suka ƙayyade ɓarnar da za ta yi. Wanda ya saba faɗin abu duk inda yake nufinsa, shirunsa ma magana ce. Masana ilimin ma'ana za su gane wannan hujja, domin ita ce ƙa'idar Paul Grice ta 1975, cewa mai sauraro yana ɗaukar mai magana ya faɗi gwargwadon abin da ake buƙata.

Misali na biyu ya fi tsanani. Wani surkulle na matakin farko yana samar da ruwa har galan 10 a cikin buɗaɗɗen mazubi. An daɗe ana samun mai wayon da zai ce huhun abokin gaba mazubi ne, bakinsa kuma a buɗe yake. A nan ba a ma san wa ke bin lafazi ba, wa ke bin hankali. Mai wayon ya kama kalmar mazubi ya ja ta iyakar jawuwarta, ya kuma kira hankali ya shaida cewa mai ruwa a huhu mutuwa zai yi. Jagora zai iya mayar masa da martani da wata ƙa'ida, wadda ta ce sai da buɗaɗɗiyar hanya tsakanin matsafi da abin da ya nufa. Amma hujja mafi ƙarfi tana cikin tsarin wasan kansa. Surkullen matakai tara ne, kuma wanda ke kashe mutum da kalma ɗaya, Power Word Kill, yana mataki na tara, shi ma da sharaɗi. Fassarar da za ta bai wa matakin farko abin da aka keɓe wa na tara ta rushe ginin gaba ɗaya.

Wannan ne abin da ke cikin hatsari, kuma shi ya sa gardamar ta wuce wasan kalmomi. Mai riƙe da mayaƙi ba shi da matanin da zai ja. Saransa ɗaya ne, lissafinsa a rubuce. Duk lokacin da aka faɗaɗa surkulle da sunan hankali, matsafi ne ke ƙaruwa, sauran na kallo.

Su ma masu tsara wasan ba su tsaya wuri ɗaya ba. A littafin 'yan wasa na 1978, dunƙulen wuta na Fireball yana da girman da ya kai kimanin ƙafa 33,000 a ma'aunin cika, kuma yana bin siffar wurin da ya fashe. A cikin rami mai faɗi da tsayin ƙafa 10, wutar za ta cika tsawon ƙafa 330, ta yiwu ta dawo ta cinye wanda ya jefa ta. Hankali ne aka mayar ƙa'ida. Bugu na uku, na shekarar 2000, ya yar da wannan lissafi. A bugu na biyar kuwa, wutar tana kama abin da ke yashe a ƙasa, ta bar abin da mutum ke sanye da shi ko yake riƙe da shi. Takarda a ƙasa ta ƙone, takarda a hannu ta tsira! Hankali ba zai karɓi wannan ba, amma an yi shi da gangan, don kada kowane faɗa ya ƙare da ƙidayar riguna da layun da suka ƙone.

Asalin rikicin ya girmi wasan. Wasan yaƙi na sojojin Furusiya, wanda Georg von Reisswitz ya gabatar a 1824, cike yake da jadawali, har Verdy du Vernois ya fito a 1876 da salon da ke barin hukunci a hannun gogaggen alƙali. Matthew Finch ya farfaɗo da wannan ra'ayi a 2008, inda ya fifita hukuncin jagora a kan yawan ƙa'idoji. Jeremy Crawford, wanda ya jagoranci tsara ƙa'idojin bugu na biyar, ya bambanta karatu uku: abin da aka rubuta, abin da aka nufa, da abin da zai fi daɗin wasa.

A ganina, iyakar da ta fi dacewa ita ce inda sihiri ya ƙare, abin duniya ya fara. Matani ne ke da ikon faɗin abin da surkulle ke haifarwa, da nisansa, da wanda zai shafa. Abin da ya biyo baya na hankali ne. Idan wutar sihiri ta kama bukkar ciyawa, ba a buƙatar wani layi kafin hayaƙi ya turnuƙe ko maƙwabta su fito da guga. Wannan iyaka ba ta warware komai da komai ba. Maiƙon nan yana zaune daidai a kanta, shi ya sa gardamarsa ta ƙi mutuwa.

Akwai wasannin da suka kauce wa matsalar ta wata hanya. A Ars Magica, na Jonathan Tweet da Mark Rein-Hagen, wanda ya fito a 1987, sihiri nahawu ne: aikatau biyar da sunaye goma na Latin. Mai son ƙirƙirar wuta sai ya haɗa aikatau na ƙirƙira da sunan wuta, mutanen tebur su auna wahalar abin da ya nema bisa ma'aunin da littafin ya shimfiɗa. Gardamar tana nan, sai dai an matso da ita gaba: ana yin ta kafin a jefa lido, lokacin da babu wanda ya san ko sakamakon zai yi masa daɗi.