Yadda Ake Karanta Tarihin Farashin Hannun Jari Na Kamfanin Jiragen Ruwa

Duk akawun da ya taɓa riƙe littafin kuɗi ya sani lamba tana iya ɓad da mutum, in bai san inda ta fito ba. Yau muna so mu yi wa masu karatu bayanin wani irin littafin kuɗi da ke buɗe ga kowa, watau jadawalin da ke nuna yadda farashin hannun jarin kamfani ya yi ta hawa da sauka shekara da shekaru. Mun zaɓi kamfanin jiragen ruwa ne domin sana'ar nan ta fi yawancin sana'o'i hawa da gangara. Wanda ya zuba tanadinsa na shekaru cikinta don ganin jadawali kawai, yana iya wayewar gari a tutar babu.

Da fari, mene ne hannun jari? Jirgin ruwa ya fi ƙarfin aljihun mutum guda. Saboda haka akan kasa mallakar kamfani kashi-kashi, kowane kashi shi ake kira hannu ɗaya. Mai hannu yana da rabo cikin riba, in kuwa ya ga dama sai ya sayar wa wani a kasuwar hannun jari. Kowace ranar ciniki akan rubuta abu biyar, kowane da gidansa cikin jadawali: farashin da aka buɗe kasuwa da shi, da mafi tsada, da mafi araha, da wanda kasuwa ta tashi a kai, sa'an nan yawan hannayen da suka sake mai su. Kada a raina gidan nan na ƙarshe. Kasuwar da aka sayar da rago ɗaya tak ba ta isa ta gaya maka kuɗin raguna ba.

To, bari mu ɗauki misali. Kamfanin Maersk na ƙasar Danmak an kafa shi a 1904, yana kuwa cikin manyan masu dakon kwantena na duniya. Wani reshensa ya karɓi aikin tashar kwantena ta Apapa, can Ikko, a 2006. Hannayen jarinsa da kurona ake cinikinsu, watau kuɗin Danmak. Wanda ya buɗe jadawalin kamfanin nan zai gamu da tarko uku, sa'an nan akwai na huɗu wanda za mu ɗauko daga wani kamfani dabam.

Tarko na fari shi ne ƙarin hannaye. A 2014 kamfanin ya ba kowane mai hannu ɗaya ƙarin hannu 4 kyauta. Dukiyar kamfani ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, sai dai an kasa ta kashi biyar inda dā kashi ɗaya ne. Don haka farashin hannu ya koma wajen kashi ɗaya cikin biyar na yadda yake. Baƙon da ya ga wannan a jadawalin da ba a gyara ba sai ya ce kamfani ya karye. Alhali kuwa wanda ya canja fam guda, a zamanin da ake kashe fam, ya karɓi sule 20, ko anini bai yi hasara ba.

Na biyu shi ne rabon riba. Ran da kamfani ya fid da riba daga asusunsa don masu jari, farashin hannu yakan sauka da misalin abin da aka raba, gama kuɗin nan sun bar kamfani sun nufi aljihunsu. A watan Maris na 2023 Maersk ya raba kurona 4,300 a kan kowane hannu. Jadawali ya nuna faɗuwa mai yawa rana ɗaya, amma masu jari ba su yi kuka ba. Saboda waɗannan abubuwa biyu ne masu tsara jadawali sukan ƙara wani gida da ake kira gyararren farashi, inda aka riga aka lissafa ƙarin hannaye da rabon riba. Shi ya kamata a duba in ana gwada wata shekara da wata.

Ga lissafi wanda malamai za su iya ba yara a aji. A ce mutum ya sayi hannu a kan 100, bayan shekara 3 ya sayar a kan 90, amma cikin shekarun nan an raba masa riba 25. Mai duban farashi kaɗai zai ce ya faɗi da 10, alhali ya ci 15 ne. Har wa yau, in hannu ya sauko daga 100 zuwa 50, ya rasa kashi 50 cikin ɗari. Amma kafin ya koma inda yake sai ya ƙaru da kashi ɗari cikin ɗari, watau ya ninka kansa. Sauka ta fi hawa sauƙi ko a kan takarda.

Tarko na uku ya fi waɗannan zurfi, gama yana cikin halin sana'ar kanta. Abincin kamfanin jiragen ruwa kuɗin dako ne. In kaya suka yi yawa jirage suka yi kaɗan, sai kuɗin dako su hau, kowane kamfani ya ruga ya sa a ƙera masa sababbin jirage. Amma ƙirar babban jirgi takan ci shekara 2 ko 3. Kafin a gama, sau da yawa ciniki ya lafa, sai ga jirage birjik ba kaya, kuɗin dako su faɗi warwas. A Landan akwai wani ma'auni, Baltic Dry Index, mai nuna kuɗin dakon kayan da ake zubawa cikin jirgi tsaba, kamar hatsi da kwal da tama. Ran 20 ga Mayu 2008 ya kai 11,793. Ran 5 ga Disamba na shekaran nan ya komo 663. Cikin wata bakwai bai cika ba ya rasa fiye da kashi 90 cikin ɗari.

Dakon kwantena ma haka yake. Bayan annobar da ta game duniya a 2020, tashoshi suka cushe, kuɗin dako suka yi tashin gwauron zabo. Ribar Maersk ta 2022 ta kai wajen dala miliyan 29,000, ta 2023 kuwa ta komo wajen dala miliyan 4,000. Abin lura a nan shi ne, farashin hannunsa ya kai matuƙarsa tun farkon 2022, ya kama gangara tun ba a bayyana babbar ribar ba. 'Yan kasuwa gobe suke saye, ba jiya ba. Don haka jadawalin shekara 2 ko 3 bai wadatar ba. Sai a nemi na shekara 15 ko 20, wanda ya ƙunshi damina da rani na sana'ar, a ajiye shi gefe da gefe da na kuɗin dako.

Tarko na huɗu za mu ɗauko shi daga Ingila, labarinsa kuwa ya shafe mu. Tun da reluwe ya iso Kano a 1911, gyaɗar Arewa ta riƙa gangarawa Ikko, jiragen ruwa suna kwasa zuwa Turai. Babban kamfanin da ke zirga-zirga tsakanin Afirka ta Yamma da Libaful a zamanin nan shi ne Elder Dempster. A 1910 ya shiga hannun Owen Philipps, shugaban kamfanin Royal Mail Steam Packet, wanda daga baya aka naɗa shi Lord Kylsant. Mutumin nan ya yi ta sayen kamfanoni, har a 1927 ya haɗa da White Star a kan fam miliyan 7.

A 1928 Royal Mail ya buga takardar neman rancen fam miliyan 2 daga jama'a. Cikinta an jera ribar da aka raba wa masu jari kusan kowace shekara tun daga 1911. Lambobin duk gaskiya ne. Abin da ba a faɗa ba shi ne, tun daga 1921 aikin jiragen hasara yake yi, ribar da ake rabawa daga ɓoyayyar ajiyar zamanin Yaƙin Duniya na Farko ake ɗebo ta. Jama'a suka yi wa rogo kallon kitse. Da asiri ya tonu, aka gurfanar da Kylsant gaban shari'a a Landan a 1931, aka same shi da laifi a kan takardan nan, aka ɗaure shi wata 12. Tarin kamfanonin ya wargaje, masu jari suka yi hasara mai yawa. Elder Dempster sai da aka sake masa tsari a 1932, a 1936 kuma ya koma ƙarƙashin wani kamfani na Libaful. Dokar kamfanoni ta Ingila ta 1948 ta tsananta a kan irin wannan ɓoyon ajiya.

Abin da labarin nan ya koya mana shi ne, farashi shaida ne na abin da masu saye suka gaskata a ranar, ko an gaya musu gaskiya duka ko an rage. Saboda haka duk mai son amfani da jadawali sai ya nemi rahoton shekara na kamfanin, ya duba abu uku: nawa aikin jirage ya kawo da kansa, nawa ne bashin da ke wuyan kamfani, kuma daga wace jaka aka fid da ribar da aka raba. Mai zaune a Nijeriya sai ya ƙara da na huɗu, watau canji, gama hannun da ya tsaya cik a kurona yana iya hawa ko sauka in aka mai da shi naira.

Wannan aiki ba baƙo ba ne ga masu karatunmu. Ma'ajin kirki ba ya sa hannu a jimla sai ya ga rasit ɗin da ke bayanta. Haka muke roƙon kowa ya yi da jadawalin farashi kafin ya fid da ko kwabo daga tanadinsa.