Farin Ɗigo a Idon Yaro, da Takardar Likita Knudson

Yau za mu yi magana a kan wata sankara da ke kama idon ƙananan yara, da wani likita wanda ya gano sirrinta. Ku matso kusa, musamman ku iyaye mata.

Ciwon nan yana tsirowa ne can cikin ido, a shimfiɗar da ke karɓar haske. Yawanci yara 'yan ƙasa da shekara 5 ya kan kama. Ba shi da yawa, cikin haihuwa 15,000 zuwa 20,000 a kan sami yaro ɗaya. Amma fa in aka bar shi, sai ya bi jijiyar ido har ƙwaƙwalwa, ya kashe yaron.

A shekarar 1971 wani likita a birnin Hustan ta Amurka, sunansa Alfred Knudson, ya bi labarin masu ciwon su 48, ya yi lissafi. Ya ga waɗanda ciwon ya kama idanunsu biyu, tun suna jarirai ya kan bayyana. Masu ido ɗaya kuwa sai sun ɗan tasa. Me ya kawo haka?

Ga amsarsa. Ku ɗauki misalin doki mai ƙarfi da aka ɗaure da igiya biyu. In ɗaya ta tsinke, ɗaya na riƙe. To, haka kowace ƙwayar halitta ta jiki ta ke da matsara biyu masu hana ta hayayyafa barkatai, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Yaron da aka haifa da igiya ɗaya a tsinke, saura ɗaya kaɗai gare shi, don haka ciwo ya kan riske shi da wuri, sau da yawa a ido biyu. Wanda aka haifa da duka lafiya kuwa, sai biyun sun tsinke a ƙwaya guda, shi ya sa ya kan jima.

Knudson ya buga wannan a 'yar takarda gajeriya. Al'adar masana ita ce, wanda ya dogara da aikin wani a rubutunsa, sai ya ambace shi, kamar yadda almajiri kan ce, "Daga malamina wane na ji." A kan ƙirga ambaton nan don a san nauyin aiki. Takardar Knudson an ambace ta sau dubbai. Amma ku sani, yawan ambato ba shi ne hujja ba. Hujja ta zo a 1986, sa'ad da masana a birnin Boston suka gano igiyar nan kanta. Daga nan aka fahimci cewa waɗansu irin sankara na manya ma haka su ke farawa. An ba shi babbar kyautar Lasker a 1998, ya rasu a 2016.

To, ina amfanin wannan gare ku? Ku riƙe abu huɗu.

Na fari, ku riƙa duban idon yaro. In kun ga baƙin tsakiya ya yi fari, ko yana ƙyalli kamar idon kyanwa a hasken fitila ko a hoto, ko yaro ya fara harara-garke, ku kai shi ɗakin magani a ranar. Ko da yana ce kawai, ita ma tana bukatar likita.

Na biyu, kada ku ɗiga kome a idon, kada ku kai wa boka ko wanzami. Ciwon ba maita ba ne, ba a kuwa ɗaukarsa daga wani.

Na uku, in aka tura ku babban asibitin ido, ku tafi ba jinkiri. Inda a ke kai yara da wuri, fiye da 9 cikin 10 su kan rayu. In likita ya ce sai an cire idon, ku daure. Gara a rasa ido da a rasa yaro.

Na huɗu, tun da wani irinsa ya kan bi jini, in an taɓa yin ciwon a gidanku, ku faɗa wa likita, a duba ƙannen yaron tun suna jarirai.

Wanda ya ji ya gaya wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya, amin.